Direban da Mutanen Garinsu Ba Sa Shiga Motarsa

Wata rana, a tsakiyar damina, na tsinci kaina a wata mararraba ina jiran motar da za ta shiga da ni wani ƙauye. Abokina ne ya kwanta rashin lafiya, zan je dubiya.

Duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙurin jira. Ko shayi aka miƙo mini sai na ƙona baki.

Mu kusan goma ne a gindin wata ɗorawa. Mata da ƙullin kayansu, dattawa biyu, da wani magidanci riƙe da akuya. Suka ce mini tun hantsi suke nan, ga shi har an yi azahar babu mota.

Can sai ga wata farar a-kori-kura ta karyo kwana a hankali, ta tsaya daidai gabanmu. Bayanta wayam, sai akwatunan biredi da babu komai a ciki.

Direban ya leƙo. Matashi ne, ba zai wuce shekara ashirin da bakwai ba. Ya gaida kowa da sunansa, sannan ya ce, "Cikin gari zan shiga. Ku zo in rage muku hanya."

Suka amsa gaisuwar.

Ba wanda ya motsa.

Mai akuya ya ce, "Mun gode, Tasi'u. Allah ya kiyaye hanya." Ya mai da kansa wajen akuyarsa.

Na ce a raina, mutanen nan lafiyarsu kuwa? Ga mota ta zo har gabanku kuna wani jan aji? Na suri jakata na faɗa gidan gaba.

Jama'a, ban taɓa shiga motar da ta ba ni haushi irin wannan ba.

Titi sabo fil, shimfiɗaɗɗe, babu ko rami ɗaya. Babu mota a gaba, babu a baya. Amma bawan Allahn nan tafiya yake kamar ya ɗauko mai naƙuda. Har wani mai keke ya wuce mu yana waiwaye.

Da na kasa daurewa na ce, "Malam, ko in sauka in tura?"

Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba.

"Kai baƙo ne ko?"

"Yaya aka yi ka gane?"

"Ka shiga motata."

Ban gane abin da yake nufi ba.

Mun yi 'yar tafiya sai na hango wata ƙaramar gada a gaba, da nisa sosai. Tun daga nan ya ɗaga ƙafa daga totur, ya fara taɓa birki. Muka hau gadar kamar masu tafiya a ƙasa. Da muka sauka sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Nan ne."

Daga nan ya fara ba ni labari.

Shekara uku da suka wuce ana tsakiyar aikin titin. A wajen gadar nan an haƙa wani ƙaton rami, an kakkafa rodi a ciki ana shirin zuba kankare. Ma'aikata suka fitar da hanyar ratse ta gefe, suka jera duro bakwai masu ja da fari, don direba ya san ya kusa ramin ya rage gudu ya karkata.

Shi kuwa Tasi'u a lokacin jini yana tafasa. Shekararsa ɗaya da fara jan motar gidan biredi. Kullum da safe ya loda ta har sama, ya bi ƙauyuka yana rabawa.

Kowane direba tun daga duro na farko yake rage gudu.

Shi sai ya kai na biyar.

A na biyar zai danna birki, taya ta yi kuka, ya murza sitiyari, motar ta faɗa ratse ƙura ta tashi. Samarin da ke zama wajen mai shayin ma'aikata su miƙe suna ihu da tafi. Har suna suka sa masa. Duro Biyar.

Tsohon da ke riƙe da jar tuta a wajen ya yi masa magana har ya gaji. Kullum amsar ɗaya ce: "Baba, na san motata."

Kuma da gaske yake, ya san ta. Sai dai abin da bai taɓa tsayawa ya yi tunani a kai ba shi ne, kayan da yake ɗauka biredi ne. Ido zai ga mota cike maƙil, amma rabin kayan iska ce.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, manoma sun sayo taki. Ya gama rabon biredinsa ya dawo, ya tarar da mutanen garinsu a gindin ɗorawar nan da na tsaya.

Kun san al'adarmu. Ba ka wuce ɗan garinku a hanya da mota babu kowa. In ka yi, kafin ka isa gida labari ya riga ka.

Aka loda buhun taki goma sha biyar. Mutum goma sha biyu suka haye sama. A cikinsu akwai Lurwanu, abokinsa tun suna yara, wanda tare aka yi musu kaciya, tare suka sauke Alƙur'ani. Shi ya zauna can gaba a kan buhuna yana dukan rufin mota, yana kiran, "Duro Biyar! A nuna musu aiki!"

Wani dattijo da ya zauna a kujerar da nake zaune ya ce masa, "Tasi'u, yau motarka ta yi nauyi. Ka bi a hankali."

Ya yi dariya. "Baba, ni ai kullum a cike nake tafiya."

Da Tasi'u ya kawo nan a labarin, muryarsa ta yi ƙasa, sai da na matso.

"Na wuce na ɗaya. Na wuce na biyu. Ina jin Lurwanu yana ƙirgawa daga sama. A na biyar na taka birki, daidai inda na saba. Wallahi ya kama, Malam. Na ji ya kama. Taya tana kuka. Amma motar tana ta tafiya, kamar wani ya sa hannu yana tura mu daga baya."

Na shida.

Na bakwai.

Sai rami.

Lurwanu a wajen ya cika. Dattijon nan har yau bai sake takawa da ƙafarsa ba. Wasu sun karye, wasu sun ji ciwo sun warke.

"Kai fa?" na tambaye shi.

"Ni ko ƙwarzane."

Ya faɗe shi kamar wannan ne ya fi komai ciwo.

Da aka janyo motar, makanike ya duba ya ce birkin lafiyarsa ƙalau. Babu abin da ya tsinke, babu abin da ya lalace. Tasi'u ya ce ya so a ce an sami wani abu, ko ƙusa ɗaya ce, da zai nuna ya ce ga laifin. Ba a samu ba.

Mai gari ya tara mutane. Iyalan waɗanda abin ya shafa suka ce ƙaddara ce, sun yafe. Ba wanda ya kai shi ƙara. Ba wanda ya zage shi.

Suna gaisawa da shi. Suna tsayawa sahu ɗaya a masallaci. Suna cin biredin da yake kawowa.

Amma tun daga ranar babu ɗan garin da ya sake ɗora ƙafa a motarsa. Ko kaza ba a sake ba shi saƙo ba.

Samarin da ke yi masa tafi kuwa, su suka fara janye jiki. In ya zo majalisa hira ta mutu, sai kowa ya tuna yana da uzuri. Da ya gane, ya daina zuwa.

"Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi," in ji shi.

Na ce, "To me ya hana ka barin garin? Ka koma birni mana, can wa ya san ka?"

"A can za su shiga don ba su sani ba. Ni wanda ya sani nake so ya shiga."

Shekara uku. Kullum sai ya tsaya a gindin ɗorawar nan. Kullum sai ya tsaya wa duk wanda ya gani yana tafiya a ƙasa. Kullum ya shiga gari shi kaɗai.



Mun kusa gari sai muka hango wata tsohuwa a gefen titi, ɗauke da rabin buhu a ka, tana jan ƙafa. Na ga hannunsa ya ƙanƙame sitiyari.

"Inna Hurera ce," ya ce. "Mahaifiyar Lurwanu. Daga injin niƙa take. A da Lurwanu ne yake kai mata niƙan."

Ya tsaya nesa da ita kaɗan don kada ƙura ta same ta. Ya fita, ya cire hula, ya durƙusa a bakin titi. Ya riga ya gaya mini duk mako sai ya yi haka, kuma duk mako gaisuwa kawai take amsawa ta wuce.

"Inna, sannu da hanya. A rage miki?"

Ta tsaya.

Ba ta dube shi ba. Bayan motar ta zuba wa ido, ta daɗe tana kallo.

"Ƙafata ba za ta iya hawa motar nan ba, Tasi'u. Ba na jin za ta taɓa iyawa."

"Na sani, Inna."

Ya yunƙura zai tashi. Sai ta kai hannu biyu sama ta kama buhun.

"Amma wuyana ya gaji. Karɓi, kai mini gida. Garin tuwon 'yar Lurwanu ne, kada ya zube."

Jama'a, na ga namiji ya karɓi rabin buhun gari da hannu biyu, ya rungume shi a ƙirji.

Ya zo da shi wajen ƙofata ya tsaya, idonsa jawur. "Malam, don Allah ka yi haƙuri. Ko za ka koma baya?"

Ni baƙo guda, da sabuwar shaddata, ni aka tayar saboda buhu.

Na fita na haye baya, na zauna a kan akwatin biredi.

Ta gilashi na ga ya zaunar da buhun a kujera, ya ɗaura masa bel, ya ja ya tabbatar ya kama. Ya tada mota. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana share fuska.

Na juya baya. Tsohuwar tana tafe ita kaɗai a gefen titi, babu kaya a kanta, tana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Tausayinsu su biyun ya kama ni, har na kasa tantance wanda ya fi kaɗaici a cikinsu.

Da muka shiga gari bai tambaye ni inda zan sauka ba, ya ma manta da ni. Kai tsaye ya wuce ƙofar gidanta. Ya sauke buhun, ya kakkaɓe dakali da hularsa, ya ajiye shi, ya zauna a gefe.

Na ce, "Ba za ka aika a shiga da shi ba?"

Ya girgiza kai. "Ni ta ba wa. A hannunta zan sa shi."

A nan na bar shi, shi kaɗai, hannunsa a kan buhu, yana kallon hanyar da za ta ɓullo.

Darasi:

Birkin da ya tsayar da kai jiya kana kai kaɗai, ba shi zai tsayar da kai yau a wuri ɗaya ba, in ka ɗauko mutane da kaya. In nauyi ya ƙaru, ka fara rage gudu tun da nisa. In ka ga duro ko mai tuta a wajen aikin titi, tun daga na farkon za ka taka birki.

Kai matashi mai jin daɗin tafin abokai, ka sani masu tafin nan ba za su zauna tare da kai ba bayan abin ya faru. Mutane za su iya yafe maka a rana ɗaya, amma kafin su sake amince maka da rabin buhu, sai ka yi shekaru kana durƙuso a bakin titi.

In kana da ƙane, ko ɗa, ko aboki da ya fara riƙe sitiyari yana cewa ya san motarsa, tura masa wannan yau, tun kafin ya ɗauko 'ya'yan mutane.

Allah ya kai mu gida lafiya, mu da waɗanda muka ɗauko.