Hannun Fuatino a Cikin Inji

Duk wanda motarsa ta taɓa mutuwa a gefen nan namu na tsibirin Savai'i ya san Fuatino. Shekararta hamsin da biyu, gajera ce mai faɗin kafaɗa, bakinta kuwa ya fi spanarta aiki. A wurin mijinta marigayi ta koyi kanikanci. Ta fara da miƙa masa noti, kafin shekara uku ta koma gyara abin da ya ɓata. Da ya rasu ba ta rufe garejin ba, in dai za a kira inuwar bishiyar mangwaro gareji. Da shi ta rena 'yarta tilo, Leuila.

To, ranar da zan ba ku labari, saura kwana biyu auren Leuila a birnin Apia, tsallaken teku. Tabarmin alfarma goma sha huɗu da dangi suka saƙa suna naɗe a tsakar gida, kuma dole su kama jirgin ruwan safe, in ba haka ba dangin amarya su shiga taro hannu rabbana. Motar da za ta kai su tashar jirgin ɗaya ce a zuri'ar, tsohuwar a-kori-kurar Fuatino. Ita kuwa ta zaɓi wannan makon ta fara kakari. Faifan nan mai haƙora da ke kan sandar injin da ake kira kamshaf, wanda sarƙar taimin ke ja, ya cinye. Ƙaninta ya aiko da sabo daga birnin Auckland, can ƙasar waje, a naɗe cikin tawul, bai iso ba sai da la'asar.

Ta ɗaga bonet, ta ɗiga jan farcen Leuila a kan sarƙa da faifan biyu, tsoho da sabo, don kada saitin ya ɓace mata, ta cire tsohon. Aikin ba wuya, amma yana da sharaɗi ɗaya: sarƙar ba ta son sake. In ta sulale ta tsallake haƙori a can ƙasa, sai an farke gaban injin kaf, aikin kwana biyu. Kullum da waya take rataye ta. Ta laluba aljihu, babu waya.

"Wa ya ɗaukar mini wayata?"

"Mun ɗaure tabarmi da ita," in ji ƙanwar babanta daga cikin gida, ko a jikinta.

Ana cikin haka aka busa ƙahon katantanwa, busar farko ta Sa, addu'ar faɗuwar rana. Wannan gargaɗi ce. In aka yi ta biyu, babu tafiya, babu aiki, kowa ya zauna inda yake har a yi ta uku. Fuatino ta ce a ranta ai kafin ta biyu ta gama. Ina! Sabon faifan ya ƙi zama, ga hannun hagunta ƙunshe da sarƙa, sai kawai ta ji tuuu, busa ta biyu.

Sefulu ne ya iso, shugaban masu tsaron Sa, da farar rigarsa da baƙin zane. Ajinsu ɗaya a firamare, kuma tun lokacin ba su daina tsokanar juna ba.

"Fua, kin kurumce ne? Zauna."

"Kai Sefulu, in na saki sarƙar nan, kai za ka ɗauki tabarmin a ka har tasha."

"Ni dai doka na sani. So kike gobe a kira sunan gidanku gaban dattawa, ana saura kwana ɗaya biki?"

Gaskiya ya faɗa. Ta dube shi, ta dubi injin.

"Dokar cewa ta yi a zauna, ko cewa ta yi a saki abin da ke hannu?"

Ya sosa ƙeya. "A zauna."

"To, kama ni in hau."

Haka ya tallafe ta ta haye gaban motar, ta tanƙwashe ƙafafu a gefen injin kamar mai jiran abinci, hannu ɗaya a zurme. Shi ma ya zauna a ƙasa yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa.

Gidajenmu ba bango, saboda haka komai a kunnen su biyun. Aka yi waƙar coci, sannan mahaifiyar Fuatino, Inna Taufusi, ta ɗauki addu'a. Tsohuwar nan in ta fara, sai ta lissafo dangi har na Hawaii. Sauro ya samu Fuatino a sama, zufa na shiga mata ido. Wallahi ta ji tsoro, don sarƙar ta soma zamewa cikin maiƙo.

Sai muryar Inna ta tashi: "Ya Ubangiji, ga baiwarka can a kan mota kamar kaza a kan ƙwai. Taurin kai ne ya kai ta, amma Ka riƙe mata hannu. Sauran dangi Ka san su. Amin."

Ba a taɓa jin gajerar addu'a irin wannan a gidan ba. Maƙwabta suka ce amin cikin shaƙewar dariya. Da aka busa ta uku, Fuatino ta daka wa Sefulu tsawa.

"Tashi, malam mai doka! Ɗauki faifan nan. Ja ya dubi ja. A'a, ba haka ba, kai ko a aji haka kake!"

Farar rigarsa ta tashi daga aiki, amma faifan ya zauna. Ta sa shi ya ɗaure noti, ya juya injin zagaye biyu da spana, alamomin suka dawo daidai. Aka rufe, ya murɗa makulli. Motar ta yi tari ɗaya, ta kama, tana gurnani sumul. Mata suka ɓarke da guɗa, nan take aka fara loda tabarmi, Fuatino kuwa tana dariya hawaye na zuba.

Sai da aka kawo gwaza da kifi ta gane hannun hagun nan ya ƙi buɗewa, na daman ma ya sage, ko loma ya kasa ɗauka. Inna Taufusi ta jawo kwanon gabanta, ta gutsuro gwaza, ta tsoma a romon kwakwa.

"Inna, mutane na kallo. Jibi fa zan zama suruka."

"Jibi ke nan. Buɗe bakin."

Ta buɗe.