Tsakuwar Da Aka Mayar Cikin Tukunya

A shekarun yaƙi, babu inda ya kai bakin murhun Iya ɗumi a gidanmu na Limawa. Iya kakata ce ta wajen uba. Yayyena biyu sun shiga soja. An riga an kawo mana labarin rasuwar Yaya Sule, Yaya Isa kuwa yana can bakin daga. Duk jirgin da ya yi kuka a tasha, sai Inna mahaifiyata ta saki abin da ke hannunta.

Wata rana bayan isha'i muna gasa gyaɗa, Inna ta ce, kamar mai lallashin kanta, "Ai gidan nan ya ba da nasa. Isa zai dawo."

Iya ta daɗe tana tona toka, sannan ta dube ni. "'Yar boko, rufe littafin nan kafin ya cinye miki ido. Ga tatsuniya nan tafe, ku ba ta wuri."

Na ce, "Ta zauna mu ji ta, Iya."

Wai wani ƙauye ne mai gida goma a bakin kogi, dodon ruwa yana karɓar mutum ɗaya duk shekara. Kowane gida da tsakuwarsa mai alama a cikin tukunya, makaho ke sa hannu ya ciro. Wata shekara aka ciro ta wata mai saƙar tabarma, ɗanta na fari ya tafi. Ta damƙe tsakuwar, ta roƙi a bar mata. Maƙwabtan da suka taya ta kuka suka duba: in tata ta fita saura tara, kowa ya ƙara matsawa bakin ruwa ke nan. Su suka ɓamɓare yatsunta, suka mayar da tsakuwar.

"Da shekara ta zagayo," in ji Iya, "ta zo da sabon kitso, tana cewa ita ta gama. Makaho ya sa hannu..."

"Iya, ba dai ita ba! Sau biyu?"

"Ke mai makaranta, tsakuwa nawa ne bara?"

"Goma."

"Bana fa?"

"Goma."

"To. Tukunya baki gare ta, ba ta da tuni."

Inna ta ce, "Haba, Iya," ta shige ɗaki. Ranar ko ƙurunƙus kan ɓera ba a ambata ba, wutar ce ta mutu muka watse.

Na yi kwanaki ina gaishe da Iya a daƙile. Ban san cewa bakwai ta haifa ta binne biyar ba, kuma bayan kowanne sai da ta ce shi ne na ƙarshe.

Takardar rasuwar Yaya Isa ta zo da farkon damina. A ɗakin Iya Inna ta yi zaman makoki, kanta a cinyar tsohuwar.

Bayan shekaru, a kwalejin horon malamai, malamin lissafi ya ciro ƙwallo daga jaka ya mayar. Ya ce muddin an mayar, sanin abin da ya fito da farko ba ya ƙara kome, ba ya rage kome, a kan na biyu. 'Yan ajinmu suna ta rubutu, ni kuwa ƙarar tsakuwa nake ji a gindin tukunya.

Na daɗe ina neman laifin da gidanmu ya yi har aka dawo mana. A ajin nan na daina nema. Tukunyar ba ƙin mu ta yi ba. Ko sanin mu ba ta yi ba.