Zanen da Martha ta Saƙa wa Mijinta

Duk unguwar Gawon Nama an san Martha da saƙa. Maƙwabciyata ce, 'yar Tibi daga Binuwai, mijinta Timothy malamin firamare. A wurin kakarta ta koyi zanen nan nasu mai ratsin fari da baƙi, wanda suke biki da shi, suke kuma rufa wa mamaci.

Da suka zo Sakkwato ba ta sami baƙin zare irin na gida ba, sai ta kai wa Bawa marini a Ƙofar Taramniya farin zare. Ya tsoma shi cikin baba, ya sake tsomawa, har ya gaji.

"Maman Faith," in ji shi, "baba ba shi baƙi ƙirin, sai dai shi yi duhu. Amma wanga ba shi koɗewa."

Matarsa Mairo kuma ta koya mata surfani, irin wanda ake yi wa babbar riga. Martha ta rinƙa jera shi a bakin zane. Matan gari suka yi ta rububi, har amare. Ni kam ban taɓa ganin hannu irin nata ba, kuma ba na yabon mutum a banza.

Sai ciwon hanta ya kwantar da Timothy. Da ya ga jiki ya ƙi, ya roƙe ta abu ɗaya: in an kai shi gida, a rufe shi da saƙarta. Ta yi alkawari. Tana jinya tana saƙa, idonta kullum a kumbure. Tana gama bakin zanen, bai ƙara mako ba ya rasu.

Na raka ta ƙauyen su Timothy. Dattawan gidan suka karɓi zanen, babban wansa ya ɗaga shi a rana. Nan shuɗin baba ya tona kansa. Ya murza, ya dubi yatsunsa, ya dubi surfanin, ya yi magana da yarensu. Faith, 'yarta, ta fassara mini cikin raɗa: wai wannan kayan Hausawa ne, kakanni ba za su gane ɗansu a ciki ba.

Martha ta durƙusa, ta faɗi wasiyyar. Wa ke jin matar da aka auro? Suka aika kasuwa aka kawo na inji, ratsin ma bugawa aka yi ba saƙawa ba, amma baƙinsa baƙi ne. Da shi suka binne mutumin. Wallahi raina ya ɓaci.

Mun dawo da zanen cikin leda. Mairo ta zo gaisuwa, ta ce a ajiye wa Faith.

Jiya na leƙa ta. Tana zaune a ƙofar ɗaki da allura, tana tsefe surfanin zare bayan zare. Na ce, "Maman Faith, ai an riga an rufe maigidan."

Ta ce, "Na sani. Ni ma can za su kai ni in kwanana ya ƙare."