Luba ta kira ni da shirunta, ban ji ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita Asabe ta bugo daga Bungudu, ta ce Malama Luba ta rasu a Tsafe bayan asuba.

Na ce wace Luba? Kamar muna da wata.

Mu uku ne: ni, Luba da Asabe. Makarantar firamare ɗaya muka koyar a Tudun Wada, Gusau. Bayan an ba mu jihar Zamfara aka yi ta taransifa, aka kai Luba garinsu Tsafe, Asabe Bungudu, ni aka bar ni. Lokacin ba wayar hannu, tafiya kuwa sai da dalili.

Luba ce ta kawo dabarar kaset. Ba magana ake ɗauka ba. Ki danna rikoda, ki ajiye ta a tsakar gida, ki ci gaba da aikinki kamar ba ta nan. In kin gama ki ba direban tasha ya kai wa ta gaba. Ita kuma ta saurara, ta ɗora nata a kai, ta aika.

Na ce mata wannan ai ɓarnar batir ce. Ta ce, "Rabi, in kinka yi magana ƙarya za ki yi, ki ce lahiya lau. Gida kuwa ba shi ƙarya."

In na kunna na Luba, ina wanke-wanke ina jin manyan motocin hanyar Funtuwa, da awakin surukarta, da ita kanta tana waƙar da ba ta iya ba. Na Asabe kuwa keken ɗinki ne daga farko har ƙarshe. Wallahi sai in manta, in amsa musu magana ni kaɗai a ɗaki.

Wata damina na yi ɓari. Ban faɗa wa kowa ba, ko innata. Da kaset ya zo hannuna na kunna rediyo da ƙarfi, na danna rikoda, na koma na kwanta.

Ba a yi sati ba sai ga sallamar Luba, da kaza a hannu da ƙullin gero a ka.

Ta ce, "Ba taɓarya, ba tsintsiya, kuma ba ki yi ma kowa hwaɗa ba. Ke da bakinki bai hutawa? Mi ya hwaru?"

Na fashe da kuka. Ta yanka kazar, ta dama min kunu, ta share gidan, ba ta koma ba sai da ta ga na miƙe.

Haka Luba take.

Kaset ya wuce, waya ta zo, amma ita ba ta sauya ba. Bayan ta yi ritaya ta buɗe mana guruf, mu uku. Sai ta danna ɗaukar murya ta ajiye wayar gefe, ta turo abu mai tsawon gaske. Ni kuwa ga jikoki, ga shago, ga ƙorafin data. Sai in ji farkon, in tura mata ɗan hoton dariya, in wuce.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a bikin 'yar Asabe ne, bayan babbar Sallah. Ta rame, na tsokane ta na ce ko gayu aka fara da tsufa. Da za mu rabu ta cusa min dambun nama a jaka, ta riƙe hannuna.

"Kina jin saƙona kuwa?"

Na ce ina ji mana.

"Har ƙarshe?"

Na yi dariya, na shiga mota.

Yau bayan kiran Asabe na zauna na kunna saƙonnin Luba na watan nan, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe. Ba awaki. Ba motoci. Numfashi ne mai nauyi, da ƙarar gadon ƙarfe, da wata nas tana cewa, "Mama, miƙo hannu." A ƙarƙashin kowanne ga hoton dariyata.

Asabe ta gane tun saƙon farko. Ta hau mota ta tafi, ita ta yi jinyarta. Na tambaye ta don Allah me ya sa ba ta kira ni ba. Ta ce ta ɗauki waya ba sau ɗaya ba, Luba na hana ta.

"Ta ce, bar Rabi. In ta saurara za ta taho, ba sai an hwaɗa mata ba."

Luba ta yarda da ni har ta cika. Daga nan zuwa Tsafe ko awa ɗaya ba a yi, kuma ban je ba. Kunya nake ji.

Yanzu zan kama hanya. Ba zan samu jana'iza ba, sai dai gaisuwa.

Ya Allah ka gafarta wa Lubabatu, ka sa ciwon nan ya zama kaffara gare ta, ka haskaka kabarinta, ka ba 'ya'yanta haƙuri. Ka saka wa Asabe da alheri.

Duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a. Ni ma ku roƙa min Allah ya yafe min, don ita ba ni da sauran damar roƙonta.