Ɗan Majalisa Gaban Mai Giya

Rubuta, Nyibol jikata, don har yanzu ina ganinsa. Ga shi tsaye a kasuwa, dogo, da tsagar goshi irin tamu. An ce ɗan majalisar jiha ne, shi ya kawo dokar hana dafa giya. Da ganin tafin hannunsa, kiwo ya yi kafin siyasa.

Wata mai giya ta tare shi: "Ranka ya daɗe, ka kashe mini murhu. Dokarka yarana za su ci?"

Jikata, sai ya durƙusa gabanta cikin ƙura!

"Uwata, zage ni son ranki. Giya ta binne ubana. Ba zan janye ba."

Ya ɗora buhun dawarta a kansa. "Mu je wurin niƙa, mu nema miki masu sayen gari."