Sai-Na-Gani, Mai Gyaran Wayar Mota

A layin masu gyaran mota ba mai kiransa da sunan yanka. Sai-Na-Gani suke ce masa, don ko rantsuwa ka yi cewa motarka na da ciwo, ba zai kwance ko noti ɗaya ba sai ta yi a gabansa. Shekara arba'in da biyu yana gyaran wayoyin mota a rumfar kwano ɗaya, bayan masu facin taya. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: filaya, sukundireba, da ƙwan fitila mai wayoyi biyu. Matarsa ta rasu, cikin 'ya'yansa ba wanda ya gaje shi, gwiwoyinsa kuma sun gaji da tsugunno.

Ni ma a gajiye na je masa. Litinin da Alhamis nake kai mahaifina wankin ƙoda, ƙarfe bakwai na safe, a wata tsohuwar mota mai but a haɗe da kujerun baya. Wata rana da murɗa makulli ta tashi, wata rana ta yi ta gurnani ta ƙi kamawa, ga unguwarmu samun tasi da safe aiki ne. Makanikai uku na zaga. An canja batir, an canja fulogi, har sitatar da ba ta yi wa kowa laifi ba an canja. Kuma duk ran da na kai ta gareji sai ta tashi lafiya lau, ta mai da ni maƙaryaciya. Sau biyu muna makara. A na biyun nas ta gaya mini ba wasa: injinan wankin kaɗan ne, masu jira da yawa, in muka ƙara makara za a ba wani gurbin Abba.

Na zayyana wa tsohon duk wannan. Ko murfin injin bai buɗe ba.

"Ƙarfe nawa kike fita, 'yata?"

"Shida da rabi, Baba."

"To, Allah ya kai mu."

Washegari na buɗe ƙofa na gan shi tsaye da jakarsa, bas biyu ya hau kafin ya iso. Na murɗa makulli, ta tashi. Ya gyaɗa kai ya tafi. Laraba haka. Alhamis ma, don wulaƙanci, ta tashi. Ran Juma'a haushi ya ci ni.

"Baba, gyara ka zo yi ko kallo?"

"Masu gyara uku kika gani, me suka tsinana miki? Bar ni in yi kallona."

A raina na riga na sallame shi.

Ran Litinin na zaunar da Abba a gaba, na naɗe kekensa na guragu na cusa a but, na murɗa makulli. Gurnani kawai. Na sake. Na kife kaina a sitiyari, kuka nake so in yi amma ko ƙarfinsa ba ni da shi.

"Yauwa," in ji tsohon da ke tsaye a gefe da jakarsa, kamar an yi masa albishir. "Kunna kawai, kar ki tayar."

Ya dafa mota ya durƙusa da ƙyar, ya kai kunne kusa da tanki. Ya ce famfon mai bai yi motsi ba. Ya buɗe but, ya tsaya yana kallon keken.

"In za ki gareji, da wannan kike zuwa?"

"A'a, a gida nake barin sa."

Ya fitar da keken, ya ɗaga shimfiɗar but. Ga mahaɗin wayar famfon a fashe, daidai inda ƙarfen keken ke kwanciya. In keken ya danne shi wuta ta yanke, in ya kwanta ta wani gefen a wuce lafiya. Yau kam ya ƙarasa shi. Ya matse wayoyin da yatsu, motar ta tashi. Ya saki, ta mutu.

"Minti ashirin nake so in haɗa ta sosai."

"Baba, saura minti ashirin da biyar bakwai ta yi."

Ya dubi Abba, wanda ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ba ya shiga. Ya yi tsaki, ya jefa keken a kujerar baya, ya tattare rigarsa, ya shige but ɗin ya dunƙule.

"Ja mu tafi. Ki kiyayi ramuka, ba don ni ba, don wayar."

Duk ramin da na faɗa sai na ji salatinsa a baya, amma bai saki ba. Saura minti uku na tura Abba cikin ɗakin wankin ƙoda. Nas ta dubi agogo, ta nuna mana gado.

Sai da na ga jini ya fara zagawa a robar injin wankin na tuna da mutum a but. Na fito da gudu. Yana nan yadda na bar shi, filaya a baki, yana naɗe waya da salatif. Ya cire filayar.

"An jona shi?"

"An jona, Baba."

"Alhamdulillahi. To, kama ni in fito, 'yata. Tun wajen gidan mai na daina jin ƙafafuna."

Na kama hannunsa na jawo shi a hankali. Sai a lokacin kukan ya zo mini.