Damin da Yaya ke kawo mini

Shekarun baya, cikin wata bazara mai tsananin zafi, ruwa ya yi mana wuya a ƙauyenmu na ƙasar Rabah. Burtsatsen gari lafiyarsa lau, injin da ke jawo ruwan ne ya kwanta don mai ya yi tsada. Mu mata sai mu ɗauki jarka mu gangara rijiyar fadama, mu dawo rana ta gasa mana ƙeya. Shekarar ce kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina ta ji da kaina don na iya rubuta sunana ba a riƙe mini hannu ba.

Ana cikin haka wasu masu aikin sola sunka zo neman fili kusa da hanya, inda babu inuwa. Haya suke so, ba saye ba, su kafa farantansu su ba burtsatse da gidaje wuta. Wurin da ya yi musu shi ne fakon da ke saman gonar mahaifinmu, ƙasa mai tauri kamar daɓen ɗaki.

Wannan fakon kuwa rabona ne. Da Baba ya rasu anka raba gado, yayana ya ɗauki nasa, ni na bar nawa a hannunsa aro, don ina fama da ƙananan yara. A wajenmu wanda ke noman gonar aro yakan kai wa mai ita dami in kaka ta yi, don kada a manta ta wa ce. Yaya bai taɓa fashi ba. Sai in ji kukan jakinsa a ƙofar gida, ya sauke damin gero ya ce, "Auta, ga na gonarki." Ya sha fura, ya tsokani yara, ya tafi.

Da yake shi kowa ke gani da hauya a wurin, wajensa baƙin sunka je. Ya kore su. Ni a bakin rijiya na ji labari.

Na same shi a zaure yana gyara ƙotar hauya.

"Yaya, na ji an yi baƙi."

"Sun zo, sun tafi. Gonar ubanmu ba ta zama shagon madubi."

"Ko ka aiko mini in ji?"

"In aiko miki da mi? Ko bokon naki har ya kai ki koya mini noma?"

Na yi dariya, amma a hanya hawaye sunka zo. Kai ɗan'uwanka gaban maigari ba ƙaramin abin kunya ba ne, ga shi mu biyu kaɗai munka rage wa iyayenmu. Na daɗe ina juya abin. Duk ranar da na ce na haƙura, sai in ga ɗiyata ta shigo da jarka a kai, wuyanta na rawa.

Daga ƙarshe dai na kai maganar. Ranar da munka zauna gaban maigari, tun daga gida nake bitar jawabina. Ina durƙusawa jawabin ya gudu ya bar ni. Abin da ya fito bakina kawai shi ne, "Ranka shi daɗe, a tambayi Yaya, damin da yake kawo mini kowace kaka, na mine ne?"

Maigari ya dube shi. "To, ka ji."

Yaya ya dubi tabarma ya ce, "Na gonarta ne. Ban taɓa cewa tawa ce ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma fakon ga ya daɗe bai ba da zangarniyar kirki ba. Daga rumbuna nike ciro mata. Baba ya ce kada ƙafata ta ɗauke daga ƙofar gidanta. In an kafa ƙarafa wurin, da mi za ni zo?"

Wallahi na rasa inda zan sa fuskata. Shekara da shekaru ina cin geron yayana, ina yaba albarkar gonata.

Maigari ya ce magana ta fito fili: mai gona ita ke da ta cewa. Ya tambaye ni, na ce na yarda da haya, a kafa iyaka kowa na gani, in wa'adi ya cika ƙasa ta dawo wa 'ya'yana. Na rubuta sunana da hannuna, ya fito a karkace kamar sawun kaza. Yaya ya tashi ya fita.

Yau farantan suna nan suna ƙyalli, famfo na zuba a tsakiyar gari, tumakin Yaya kuma sun gano inuwar da ke ƙarƙashinsu, can suke wuni. Ban yi nadama ba. Ƙasar da Allah Ya ba mutum, ko mace ce, a tambaye ta. Sai dai in na bi ta wurin, nakan tuna Baba yana sassabe, ni da Yaya muna bin fara a bayansa.

Washegarin wannan zama na yi sammako. Na ɗebo sauran geron damin bara, na daka fura da yaji yadda Inna ke yi masa, na dama da nono mai kauri. Na ɗauki ƙwaryar a kai har gonarsa. Yana duƙe yana sassabe, bai ɗago ba.

Na ajiye a gindin gawo na ce, "Yaya, in kaka ta yi ina nan ina sauraren jakinka. In ba dami, ka zo hannu sake."

Ya share gumi, ya jawo ƙwaryar ya buɗe faifai.

"Ina ludayi? Ko shi ma kin ba masu sola haya?"